Shekara Goma Sha Biyu Bayan Sanusi, Likitan da Bai San Gajiya Ba

Shekara goma sha biyu ke nan cur da muka kai ƙanena Dakta Sanusi makwancinsa a Bakura. An ce haƙuri maganin zaman duniya, na yi iya yina, amma har yau in na wuce ta zauren gidanmu sai raina ya ɓaci.

Mu gidan fawa ne. Ni na gaji mahaifinmu, ina sayen shanu a kasuwar Talata Mafara, shi kuwa Sanusi boko ya ɗauke shi har ya zama likita. Burinsa ɗaya, ya ci jarrabawar shiga horon ƙwarewa a fannin likitan iyali, wato likitan da ke duba kowa, daga jinjiri har tsohuwa. Abokansa na ta guje-gujen zama likitan zuciya ko na ƙwaƙwalwa, shi kuwa cewa yake mutanen ƙauyuka irin su Tsibiri da Gidan Goga likita ɗaya za su samu in sun yi sa'a, to gara ya zama wanda ya san komai gwargwado.

Sau biyu yana zana jarrabawar nan yana faɗuwa. Kuma wallahi ba don kansa ba ya ja ba ne. Mutane ne suka hana shi karatu. Sai ya ɗauki hutu daga asibiti, ya dawo gida da littattafai masu kauri kamar tubali da tarin tsoffin tambayoyi, ya shimfiɗa tabarma. Kafin ya juya shafi, sai sallama. Wannan ya zo gaisuwa, wancan ya zo ganin gida, kuma a ƙarshen kowace gaisuwa akwai ciwon baya, ko tari, ko matar da ƙafarta ta kumbura. Asibiti na nan kusa, amma wa zai bi layi alhali ga ɗan gida? Kowa sai ya tambaye shi, "Likita, ina gajiya?" Shi kuwa ya amsa yadda aka koya mana tun muna yara, "Ba gajiya."

Karo na uku, ana saura 'yan kwanaki ya tafi jarrabawa, na ce ya ɓuya Maradun gidan ƙanwarmu. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, da wane ido zan dubi Baffa Ummaru in ya zo bai tarar da ni ba?" Baffa Ummaru aminin mahaifinmu ne, dillalin shanu mai hali, wanda kullum sai ya zo awon jini kamar mai zuwa shan fura. Hannun Baffan ne ma Sanusi yake riƙe da shi yana awo, da hantsi, lokacin da shi Sanusin ya sulale ya faɗi. Hawan jini ne, nasa, wanda ba wanda ya taɓa tambaya. Bai sake magana ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai a zaman makoki ya faru. Ana tsaka da addu'a, wani ya karkato ya ce da na kusa da shi, "To yanzu wa ka duba mu?" Tir! Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Da Sanusi zai leƙo yau, me zai gani? Hanyar Gidan Goga da yake bi a babur ta zama sai da addu'a, likitoci sun yi ƙaura birni, marasa lafiya sun ninka. Na san ba zai yi fushi irin nawa ba. Tausayi zai ji, ya sake shimfiɗa tabarma, su sake cinye shi. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Abin da ya bari shi ne ɗiyarsa Rabi. Yanzu ita ma likita ce, kuma jarrabawar nan da ta gagari ubanta ita ta sa a gaba. Wasu littattafan ma nasa ne, da layukan jan biro da ya ja. Tana ɗakin baya a gidana tana karatu, kuma sallamar ta dawo, har da masu cewa ta maye gurbin ubanta. Gurbin ne fa nake tsoro. Don haka na rage zuwa kasuwa, na kafa kujera a ƙofar zaure. An ce na zama marar mutunci. Na ji, na karɓa.

Makon jiya sai ga Baffa Ummaru da sandarsa, ya naɗe hannun riga tun daga nesa. Muka gaisa, ina kwana, ina gida, ina iyali, idonsa na kan ƙofar cikin gida. Ya ce, "Ita likitar hwa, ina gajiyarta?"

Na dube shi, na ce, "Akwai gajiya, Baffa. Asibiti na buɗe."

Allah Ya jiƙan Sanusi, Ya ba shi hutun da Bakura ta hana shi.