Kujeru Ukun Baya

Aikin kai mutane ziyara wahala ce, duk wanda ya ce maku akwai daɗi bai yi shi ba. Shekara tara na yi shi a hannun wani Alhaji a Ƙofar Taramniya, zamanin soja, lokacin da kuɗin mai sunka cika gari. Cikin duk tafiye-tafiyen, ta Gwandu ce ba ta fita raina.

Ga yadda ake yanka kuɗin mota, don ku yara ku gane. Bas ɗinmu kujera talatin ce. Ashirin da bakwai na mai ne da direba da abinci da masauki da abin da hanya ka ci, ko taya ko ɗan sanda. Alhaji kullum cewa yake: "Riba tana kujeru ukun baya, Mamman." Ɗaya tawa ce, ita ce ladana. Al'ada kuma, jagoran masu ziyara ba ya biya, to ɗaya ta tafi ke nan.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, sai ga mutane sun zo ba da kuɗi. Ashe taron na makarantu uku ne, Gidan Dare da Tudun Wada da nan unguwa, kowace da malaminta. Kowane malami ya zauna kan tabarma ya naɗe ƙafa, babu mai taɓa aljihu.

Na raɗa wa Alhaji. Ya ce, "Kai ka amshi mutanen. In ka bar kujera uku kyauta, taka tana ciki, kuma jibi kada in gan ka."

To, wa ke iya kallon malami ya ce kawo kuɗi? In na zaɓi ɗaya, sauran biyun su kwashe mutanensu. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta malamai, kujerar kyauta guda ta. Alhaji ya ware ta sadaka, don wanda bai da hali cikinku."

Malamin Tudun Wada ya gyara rawani ya ce, "Mi kac ce? Bai da hali?" Ya zaro kuɗi sababbi ƙal. Na Gidan Dare ya ce, "Haba, ni da gonata?" Ya biya, har ya ce in riƙe canji. Na unguwarmu, wanda na san gero ya ƙare gidansa, ya fi kowa saurin biya. Shi kam bayan magariba na kai mai nashi har zaure, na ce Alhaji ne ya aiko da goron addu'a.

Nan na gane farashi ba lissafi ba ne kawai, sai ka san abin da mutum ke jin kunya.

Da safe, kafin a ɗora kaya, na kira mai fenti ya rubuta "Sadaka" da ajami a bayan kujerar ƙarshe. Har na bar aikin, babu jagoran da ya taɓa zama kanta.