Ranar da teku ya taɓa ƙafata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Jinya na yi.

Abin ya fara ne ina kwance a flat ɗinmu na Tottenham a Landan, ina karanta littafin soyayya. Na miƙe zan ɗora girki, sai na ji kamar ƙafafun aro ne a jikina.

Kafin sati, ko tsayuwa ba na iyawa, ƙafafun ba sa jin komai.

A asibiti aka ɗebi jini, aka soka min allura a gadon baya. Likita ta ce jijiyoyi ne, za su farfaɗo amma a hankali. Magani kyauta ne, kuɗin tasi zuwa gashin ƙashi ne ya cinye mu. Tsorona ɗaya: na tsufa a keken guragu.

Maigidana ya ga na daina ko buɗe littafi, sai ya yi mana booking a jirgin ruwa mai zaga tsibirai.

Ba wanda ya faɗa mana cewa jirgin ba ya isa gaɓa. Can cikin ruwa yake tsayawa, a sauka ta matakala zuwa kwalekwale. Tsibirin farko daga nesa na kalle shi, ina hawaye.

A na biyu ma'aikata suka ce za su ɗauke ni. Na ce, “Ni matar aure, ƙarti su cicciɓe ni?”

Maigida ya ce, “Amarya, keken za su ɗauka. Ke kaya ce kawai a kai.”

Na yi dariya, na ja mayafi, na rufe ido ina salati.

Titin tsibirin duk duwatsu ne, keken ya ƙi tafiya. Goya ni ya yi har bakin ruwa, yana haki yana cewa tuwon asibiti ya karɓe ni. Yashin wurin baƙi ne wuluk, ruwan kuma ba iyaka. Subhanallah.

Igiyar ruwa ta zo ta rufe min ƙafa.

Na ji sanyi. Sanyi, har cikin yatsu! Na ƙwala ihu, Turawa suka juyo.

Yau da sanda nake zuwa tashar jirgin ƙasa ta tube. Alhamdulillah. Masu kawo min kunu da masu addu'a, Allah Ya saka.

In ƙafa ta yi miki nauyi, ki ga likita ranar. In kuma za ki hau jirgi da keke, ki tambaya ko yana isa gaɓa. In ba ya isa, 'yar uwa, ki bari a ɗauke ki.