Kumburin da Ƙaho Bai Kai Gare Shi Ba

Shekara biyu kacal yayana ya ba ni, amma ranar da na kai shi asibiti a Birnin Kudu, ma'aikaciyar da ke rubuta kati ta dube ni ta ce, "Malam, zaunar da Baba a nan." Na yi dariya, shi ma ya yi. Sai da na kalle shi da idon baƙo na ga abin da ta gani.

A gidanmu a Sara, ciwon gwiwa sunansa sanyi, maganinsa kuwa ƙaho. Duk bayan girbi wanzami yakan zo ya tsaga, ya zuƙo baƙin jini ya nuna mana, mu ce alhamdulillahi, cuta ta fita. Haka Yaya ya yi ta yi, gwiwa tana kumbura, haƙora suna zuba, har riƙe fartanya ya gagare shi.

Da sakamakon gwajin jini ya fito, likita ya ce, "Kumburin nan ba a gwiwa ya tsaya ba. Jiki yakan tayar da shi don yaƙar cuta, in an gama ya lafa. Nasa bai lafa ba. Yana ci a hankali, yana gajiyar da jijiyoyi da zuciya, shi ya sa tsufa ya riga shekarunsa. Ƙaho ba ya kaiwa can." Sannan ya ce ni ma in zo a duba ni. Na ce to, ban koma ba. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Da kaka ta zagayo, na tarar da wanzamin a zaure yana wasa aska, Yaya ya naɗe wando. Na durƙusa na zuba musu wa'azin ɗan boko, suna saurare kamar gaske. Da na zo tashi, sai da na dafa ƙasa.

Tsohon ya ajiye aska, ya danna gwiwata da babban yatsa.

"Da ɗumi," ya ce. "Ta hagu ce ko, Malam? Ta mahaifinku ma ta hagu ta fara. Kaka huɗu na samu na yi masa, Allah ya jiƙansa."

Babanmu bai cika sittin ba ya rasu. Ni kuwa bana na shiga hamsin da biyar.