Ƙirgen Yaya Daga Dama

Shekara biyu bayan ruwan madatsar Tiga ya cinye garinmu an mayar da mu sabon matsuguni, na dawo hutu daga sakandare da gargaɗi a takardata: in na sake faɗuwa kemistiri, za a cire ni daga ajin kimiyya.

Abin da ya kayar da ni shi ne balensi. Malaminmu ya ce shi ne yawan hannayen da sinadari yake kama wani da su, kuma ana gane shi daga gidan da sinadarin yake a jadawalin sinadarai. Gidaje takwas ne a jere. Nakan ƙirga daga hagu, ɗaya, biyu, uku, huɗu, duk daidai. Da na wuce nan sai in ɓace. Oksijin yana gida na shida, na ba shi hannu shida, malam kuwa ya ce biyu ne.

Wata rana da hantsi ina zaune da jadawalin a gindin tsamiya, yayana yana ɗinkin komar kamun kifi. Bai yi boko ba, allo ya yi har ya sauke, kamun kifi kuma ruwan ne ya koya masa. Ya tambayi abin da ya ɗaure mini fuska. Na yi masa bayani a gajarce, don ban zaci zai gane ba.

Ya goge hannu ya karɓi takardar, ya ɗora yatsa a gefen dama, inda ya saba fara karatu. Na yi dariya na ce ai nan ƙarshe ne. Ya tambaya hannu nawa ne da na wannan gidan. Na ce ba su da ko ɗaya, ba sa kama kowa.

"To mu bar marowatan," in ji shi. Ya matsa gida ɗaya ya ce ɗaya. Ya sake matsawa ya ce biyu. "Wane ne wannan, ɗan boko?"

Oksijin ne.

Na karɓe takardar na ci gaba. Naitirojin uku. Kabon huɗu, ko ta ina ka ɓullo masa. Na gaba da kabon ba abin da suke da shi ake ƙirgawa ba, abin da ya rage musu su cika takwas ne. Malam ya sha faɗin haka, ban ji ba sai ranar. Yaya ya koma kan komarsa, bai ma tambaya ko ya dace ba.

Na ci jarrabawar, aka bar ni a ajin. Da na zo gida ce masa kawai na yi na ci, ya ce madalla. Ina jin nauyin in ce wanda bai shiga aji ba ne ya koya mini. Daga baya kuma sai ya zama tsohon zance.

Ya rasu watan jiya. Allah ya ji ƙansa. Ban taɓa gaya masa ba.