Sunan da Yayana Ya Faɗa a Gidan Yari

Na ga abubuwa da yawa a duniyar nan. Na yi takabar miji, na aurar da 'ya'ya, na goyi jikoki har bayana ya sunkuya, kuma yawancin abin ya shuɗe kamar ba a yi ba. Amma akwai wani wuni da na yi a cikin gidan yari, ina zaune kan benci tsakanin yayana da ɗansa, wanda ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe mini ido.

Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ni da Yaya. Shi yana Gwandu a gidan gado, gonarsa tana kan hanyar Kambaza, ni kuwa aure ya kai ni Kalgo tun ina da ƙuruciya. Yaya mutum ne mai nauyin baki, mai tsabtar riga, wanda in ya gaishe ka sai ka ji kamar an shimfiɗa maka tabarma. Ba a taɓa jin sa da kowa ba, in ban da wata 'yar jayayya da suka daɗe suna yi da maƙwabcin gonarsa a kan iyaka.

Ni na fara ganin alamar. Ya zo mini ziyara Kalgo, muka gaisa, ya sha fura, sai ya ce, "Maigidan naki ya tahi kasuwa ne?" Maigidan da ya daɗe a ƙasa, wanda shi Yaya da kansa ya tsaya a sahun gaba aka yi masa salla. Na aika wa ɗansa na fari, wanda a lokacin shi ma furfura ta fara fito masa a gemu. Amsar da ya aiko mini ita ce, "A ce da Gwaggo tsufa ne, kowa da irin nasa."

To, ana nan, ana nan, ba da daɗewa ba bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato, kaka ta yi. An girbe gero, an ɗaure, an jibge dammuna a gonaki ana jiran jakai su kwashe. Wata safiya Yaya ya ɗauki ashana ya nufi gona. Shi a ransa bazara ce, lokacin da ake tattara kara a ƙone kafin ruwa ya sauka. Ya tara kara a bakin iyaka ya kunna. Iska ta ɗauki wutar ta ƙetara, ta cinye geron maƙwabcin nan ƙurmus, abincin gidansa na shekara. Da mutane suka sheƙo, suka tarar da Yaya tsaye da sandarsa yana kallo, hankalinsa kwance.

Kowa ya ce tsohuwar gaba ce ta motsa. A gaban alƙali aka tambaye shi ko shi ya sa wutar, ya ce shi ne. Aka ce da niyya? Ya ce, "To, wuta tana kunna kanta ne?" Aka yanke masa ɗauri.

Na samu ɗansa na ce, "Mi ya hana ka gaya wa alƙali halin da tsohon nan yake ciki?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, ina da ɗiya mata a gida. In anka ce akwai hauka cikin jininmu, wa zai ƙara sallama a ƙofarmu? Gara a ce Baba ya yi fushi da a ce ya zare."

Ban zage shi ba. Haka aka rene mu duka: ciwon ciki a faɗa, ciwon ƙafa a faɗa, amma na kai a ja masa zane a rufe. Sai dai ni ban yarda ba, na kuma gaya masa ban yarda ba.

Aka kawo Yaya gidan yarin da ke babban birnin jiharmu. Da yake Kalgo ta fi kusa, ni ce mai kai masa abinci duk ranar da aka ba da dama. Kowane zuwa sai in tarar ya ƙara zubewa, riga tana yawo a jikinsa. Wani gandiroba mai mutunci ya ja ni gefe ya ce, "Inna, tsohon nan naku yana ba mu aiki. Abincinsa sai ya ajiye ya ce na masu noma ne, samarin da ke tsare tare da shi su wawashe. Kuma kullum da safe sai ya nufi ƙofa, ya ce a buɗe masa zai tafi gona. An fara cewa gudu yake nema. In ya ci gaba, za a mayar da shi wani gidan mai nisa."

Na san abin da wannan ke nufi. In aka kai shi inda ƙafata ba ta zuwa, ba za mu ƙara ganinsa ba, ko gawarsa.

Gandiroban nan ne ya gaya mini cewa wani likitan ƙwaƙwalwa zai zo ya duba tsofaffin da ke tsare, kuma yana so kowane tsoho a zo masa da wanda ya san shi tun da can. Na aika Gwandu na ce wa ɗan, "In ka zo, mu shiga tare. In ba ka zo ba, in shiga ni kaɗai, kuma bakina ba a ɗaure yake ba." Ya zo.

Aka shigar da mu wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Likitan ba yaro ba ne, ba kuma tsoho ba. Ya bar kujerarsa ya jawo benci ya zauna daf da Yaya, gwiwa da gwiwa.

"Baba, an wuni lafiya?"

"Lahiya lau, alhamdu lillahi. Ina gajiya? Ina iyali? Ina aiki? Ina muka ji da zafi?"

Gaisuwa tsaf, babu inda ta karkace. Na ga ɗansa ya ɗago kai yana dubana, kamar mai cewa, kin gani?

Likita ya ce, "Baba, yau wace rana ce?"

Yaya ya yi murmushi ya ce, "Kai da ka zo cikin mota, ka fi ni sanin rana."

Likita ya yi dariya. "To wane lokaci muke ciki, damina ko rani?"

"Duk na Allah ne, likita."

"Nan ina ne muke zaune?"

"Inda anka ajiye mu. Baƙo ba shi zaɓen ɗaki."

Likita ya ambata masa goro da buta da sanda, ya ce ya riƙe su a ransa zai tambaye shi an jima. Da ya tambaya, Yaya ya ce, "Haba ɗana, ni ne abokin wasanka?" Likita ya ce ya karanta masa Fatiha, ya karanta ba gargada. Ya tambaye shi garuruwan da ke kewaye da Gwandu, ya jero su, Kambaza, Dodoru, har da rijiyoyin da ake shayar da shanu a hanya.

Likita ya juyo gare mu ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Irin waɗannan dattawan su suka fi wuya. Ladabinsu ya zauna a jiki, ko abin da ke ciki ya zube, ladabin yana nan tsaye. Ban sani ba, ƙin amsa mini yake yi, ko amsar ce babu. Ni yau na fara ganinsa, ku kuka san shi." Ya dubi ɗan ya ce, "Ka ga wani canji a tare da shi?"

Ɗan ya ce, "Tsufa ne kawai, likita."

Sai likita ya dube ni. "Inna, akwai wani abu da kika tabbata ba zai taɓa yi ba in yana cikin hayyacinsa?"

Ina lalube a raina, sai abin ya faɗo mini. Mahaifiyarmu daga rugar Fulani take, kuma ta zuba mana kunya tun muna tatata. A gidanmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yi masa wasa, ba ya ma dubansa ido cikin ido. Yaya ya fi kowa riƙon wannan. Tun ranar suna har yaron ya yi gemu, ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. "Kai" ne, ko "wancan", ko "a kira mini yaron nan". Ko wani mai irin sunan ya zo gidan, sai Yaya ya laƙa masa wani.

Na ce, "Likita, tambaye shi sunan ɗansa na fari. In yana nan yadda na san shi, zai sunkuyar da kai ya yi shiru, ko ya tashi ya ba ka wuri."

Ɗan ya ce, "Gwaggo, don Allah."

Na ce, "Don Allah nake yi."

Likitan ya san al'adar. Ya dafa gwiwar Yaya ya ce, "Baba, ka gafarce ni, zan yi maka tambayar da ba ta dace ba. Yaya sunan ɗanka na fari?"

Fuskar Yaya ta washe kamar an ba shi albishir. Ya faɗi sunan. Ya faɗe shi da ƙarfi, ya sake maimaitawa a hankali, kamar mai tsotsar zuma. Sannan ya matso kusa da likita ya ce, "Ƙarami ne, yanzu ya fara tafiya. Tari na damunsa. In ba kowa a gida, nakan ɗauke shi in aza bisa kafaɗa, mu zagaya bayan rumbu. Kada ka gaya wa uwarsa, dariya za ta yi mini."

Mutumin da ake magana a kansa yana zaune a gefena, da furfurarsa, da 'ya'yansa da suka isa aure. Bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba sai ranar, bai kuma taɓa sanin an aza shi a kafaɗa ba. Ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

Yaya ya juyo ya dube shi, ido cikin ido, da tausayi. Ya ce, "Malam, mi ya sa ka kuka? Rasuwa anka yi maka? Allah shi ba ka haƙuri."

Daga nan ɗan ne ya karɓe zancen. Ya share ido ya zazzage wa likita duk abin da ya daɗe yana rufewa: yadda tsohon ke yin la'asar ya sake tashi ya yi wata, yadda aka taɓa tsinto shi a hanyar Dodoru bai san inda za shi ba, yadda yake ƙwala wa matarsa kira alhali ta daɗe da rasuwa, yadda ya fita da irin shuka a tsakiyar rani. Likita yana saurare, yana tambaya, yaushe ya fara, a hankali ya zo ko farat ɗaya, yana barci, yana kuka shi kaɗai, ya taɓa faɗuwa ya bugi kai.

Da ɗan ya gama, likita ya ce, "Wannan ba hauka ba ne irin wanda kuke tsoro, ba kuma iska ba ce. Ciwo ne da ke kama wasu in shekaru sun yi nisa. Yana fara cinye abin da ya faru jiya, ya bar na ƙuruciya sai daga baya. Shi ya sa ya san rijiyoyin hanya, bai san ɗakin da yake kwana ba. Ba abin da zai hana 'ya'yanka aure." Ya ce ba zai yanke magana a kan zama ɗaya ba. Ya kuwa dawo, ya duba idonsa da kunnensa, aka ɗebi jininsa, ya sake zama da shi wata safiyar, ya tambayi gandirobobi da waɗanda suke ɗaki ɗaya. Sannan ya kai bayaninsa gaban hukuma.

Ni kuma na yafa mayafina na shiga mota zuwa Gwandu, na yi sallama a gidan mai geron da ya ƙone. Ɗan Yaya yana biye da ni, kuma shi ya yi bayani da bakinsa, bai rage komai ba. Mutumin ya saurara har ƙarshe. Can ya ce, "Da kun gaya mini tun farko, da ban kai shi gaba ba. Ni ma na yi mamaki, mutum ya sa wa gerona wuta, kuma ya tsaya yana yi mini sannu da aiki." Ya je da ƙafarsa gaban alƙali ya shaida cewa ya yafe.

Ba a ɗauke Yaya zuwa nesa ba. Kafin ruwan shuka ya sauka aka danƙa shi a hannun ɗansa, da sharaɗin kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a bar wuta kusa da shi. Ya koma Gwandu, ya zauna a zaurensa, jikoki suna karɓa-karɓa wajen zama da shi. A can ajali ya same shi, kan shimfiɗarsa, aka yi masa sutura a cikin danginsa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda ke da tsoho a gida, ko a tsare. In dattijo ya fara yin abin da ba halinsa ba, kada ku tsaya kan gaisuwarsa, gaisuwa ita ce ƙarshen abin da ke barin mutum. Ku kai shi a duba, ku tafi da wanda ya san shi tun da ƙarfinsa, ku faɗi gaskiya duk nauyinta. Mun so mu tsare wa Yaya mutunci da shiru, shirun ya kai shi kurkuku. Ranar da muka buɗe baki, ranar ya kama hanyar gida.