Gwangwanin Awon Ruwa a Tsakar Gidanmu

A shekarar yunwa, waccan da wuta ta ci gonakin koko, mu kuma a unguwarmu ta Nima muka koma cin jar masara, na ba wata yarinya hayar ɗakin da ke jikin nawa. Daga wajen Tamale ta zo, tana karatu a jami'a. Ta gama karatun farko, ta shiga na gaba, wanda a cewarta ba zaman aji ba ne, mutum shi ke fita ya nemo abin da ba a sani ba. Na tambaye ta me ita take nema. Ta ce ruwan sama.

Na ce, "Ɗiyata, ai duk garin nan shi muke nema. Liman ma ya fita da jama'a roƙo."

Ta ce, "Mma, ni ba roƙonsa nake ba, awonsa nake. So nake in gane ko ya sake hali, ko kuwa fushin bana ne kawai."

Ni ban taɓa zama gaban malamin boko ba. Amma ubana bafataken goro ne daga Sakkwato, a bakinsa na koyi magana, kuma har yau ba a yin suna tsakanin Nima da Mamobi ba a aiko kirana ba. Na san mutum idan yana son abu. Yarinyar nan tana son ruwan sama kamar yadda wasu ke son miji.

Ta kafa turke a tsakar gida, can nesa da rufin kowa, ta ɗaura masa gwangwani mai mazurari a baki. Kullum da safe sai ta leƙa ciki. Wata da watanni ba ta samun komai sai ƙura da mataccen ƙuda, amma sai ta leƙa. Matan gida suka sa mata suna Mai Gwangwani.

Ran da ruwa ya sauko tana makaranta. Wanda bai zauna gidan haya a unguwar Zango irin tamu ba, ba zai gane abin da ke faruwa ba idan ruwa ya kece bayan fari. Bokiti, tukunya, baho, har butar alwala, komai sai ya fito ya jeru ƙarƙashin indararo. Cikin wannan guje-guje matar mahauci, wadda ɗakinta ke fuskantar nawa, ta hango gwangwanin baiwar Allah shi kaɗai a fili, yana samun ɗigo-ɗigo. Tausayi ya kama ta. Ta kwance shi, ta ture bokitinta na kanta, ta sa shi a bakin indararo mafi ƙarfi har ya cika ya tumbatsa. Ta mayar da shi kan turke, ta rufe da faifai kada ƙura ta shiga.

Da yarinyar ta dawo, jiƙe sharkaf tana murna, matar mahauci ta tare ta tun daga zaure.

"Ƙanwata, na cika miki shi fal. Da na bar shi inda kika sa, ko shayi ba zai dafa ba."

Yarinyar ta dubi gwangwani, ta dubi matar, ta ce ta gode, domin 'yar mutunci ce. Ta shiga ɗaki ta ja labule. Washegari na ga turke babu gwangwani, akwatinta kuma a buɗe a bakin gado.

Na zauna na ce ta gaya mini. Ta ce ruwan farko bayan fari shi ne wanda ta fi jira, ga shi awonsa ya lalace. Amma ba shi ne kaɗai ba. Malamin da ke duba aikinta ya bar ƙasar neman abin rufin asiri, kamar malamai da yawa a lokacin. A sashensu babu wanda ke tambayar ta ina ta kwana. Kuma ƙarshen damina za ta tsaya gaban manya ta yi bayanin aikinta, ita da ko gaisuwar suna ba ta iya yi a gaban jama'a. Ta ce gida za ta koma, ta koyar da yara a firamare, kowa ya huta.

Na ce ta bar akwatin haka zuwa Lahadi.

Wake da shinkafa nake sayarwa a rumfar ƙofar gida. Cikin masu cin abincina akwai samari biyu 'yan wannan jami'ar. Ɗaya yana yawo bakin babbar gota, kwatar ruwan unguwa, da ludayi yana kwasar 'ya'yan sauro, na sa masa Mai Sauro. Ɗayan yana gwajin irin masara a wani fili bayan Kawukudi, shi ne Mai Masara. Kowa ya zo sai ya zauna ƙarshen benci, ya ci, ya yi mini ƙorafin duniya, ya tafi. Makaranta ɗaya, amma ba sa ko gaisawa, wai sashensu daban. Kamar 'yan uban da suka raba gado.

Ran Lahadi bayan azahar na tsare su duka biyu, na kira yarinyar, na kawo abinci a tasa ɗaya.

Mai Sauro ya ce, "Mma, ina kwanona?"

Na ce, "Da wane ruwan zan wanke kwano uku? Matsa."

Na san a gidajenmu mace ba ta sa hannu a kwanon maza. Shi ya sa na zauna tsakaninsu, na fara sa nawa hannun, na ce yau duk 'ya'yan cikina ne. A wurinmu wanda kuka haɗa hannu a kwano ya zama naka. Ba ka tashi ka wanke hannu ba ka ji damuwarsa ba.

Na ba da labarin gwangwani yadda ya kamata a ba da shi, da tafiyar matar mahauci da faifanta. Samarin suka yi dariya har Mai Masara ya ƙware. Da ya sha ruwa ya ce, ai shi ma yana da irin wannan gwangwani a gonarsa, saboda masara, kuma ruwan ranar yana nan a rubuce, babu wanda ya taɓa tambaya. Ba Nima ba ce, amma kusa ce. Mai Sauro ya ajiye loma. Ya ce shi tun bara yake zana tsawon ruwa a bangon gota, yana neman wanda zai gaya masa nawa ya sauko daga sama, don ya gane lokacin da sauronsa ke yawaita.

Ya ce wa Mai Masara, "Cale, abokina, kana da wannan ka bar ni ina ta wari a gota?"

"Wa zai matso kusa da kai ya tambaya?"

Suka koma Turanci, suna zane a ƙasa da tsinke. Na bar su har tasa ta bushe, sannan na kafa doka. Duk Lahadi a rumfata, tasa ɗaya, kuma kowa zai tashi tsaye ya faɗi abin da ya gano da bakin da zan gane. In na yi hamma, ya sake daga farko.

Samarin ba su sha wuya ba, bakinsu a buɗe yake. Ita ce aiki. Takan tashi ta fara da lissafi, idonta a kan yatsun ƙafarta. Sai in yi hamma.

"Mma, ko fara ban yi ba."

"Shi ya sa. Wa ya taɓa buɗe labari da ƙidaya? Fara da mutum. Wa ruwan nan ya jiƙa, wa ya bari da ƙishi? In kunne ya zo hannunki, sai ki zuba masa lissafin."

Na koya mata inda ake tsayawa a bar mutane su haɗiye, da yadda ake zaɓar fuska ɗaya a taro a yi mata magana. Su kuma samarin suna jifan ta da tambayoyin da ni ba zan iya ba, masu zafi, har wani lokaci in ce su sassauta. Ita ke cewa in bar su, gara a nan. Kafin damina ta yi nisa wata mai zanen taswira ta biyo su, sai da na sake babbar tasa. Matar mahauci kan zauna gefe tana tsinke alayyafo. Ran da ta gane abin da ta yi wa gwangwani, ta rufe baki da gyale ta ce wa yarinyar, "Ashe alherina ne ya kusa korar ki."

Ran bayanin na ɗaura mata ɗankwalina na zuwa biki. Samarin suka raka ta, suka zauna a baya. Da la'asar na hango su sun sauko daga motar haya suna gardama, ita ce ke gaba tana magana da hannu. Ban tambaya ba. Ta wuce ni ta shiga ɗaki, ta tura akwati ƙarƙashin gado, ta fito ta ce, "Mma, da ke na fara. Na ce musu akwai wata tsohuwa a Nima da ta rasa ruwan wanke kwano uku."

Gwangwani kuwa tuni ya koma kan turkensa, matar mahauci ce mai gadinsa. Ko kaza ta matso sai ta ji tsawa.

Bayan shekaru, gashin Mai Gwangwani ya fara fari, ta zo mini da ɗalibanta, wasu na ruwa, wasu na ƙasa, har da mai karatun likita. Lokacin famfo na zuwa, kwanuka sun yi mini yawa. Jikata ta fara jera su a tebur, kowa da nasa. Mai Gwangwani ce ta tattara su da hannunta ta mayar ciki, ta ce a ɗauko tasa.