Takabata a Gidan da Aka Sa a Kasuwa

Ɗiyata ce ke rubuta wannan a wayarta, ni ina faɗa, don ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na ce mata idan kuka ya zo mini kada ta lallashe ni, ta jira kawai in share ido mu ci gaba.

Maigidana ya rasu da farkon damina. Busasshen kifi yake sayarwa a kasuwar Kado, kuma a bayan kasuwar ya gina mana gida tun wurin yana daji. Ɗaki ɗaya muka fara da shi, idan ciniki ya yi kyau ya ƙara wani. A wannan ɗakin na fari na haifi 'ya'yana duka, a cikinsa ya cika, kansa a kan cinyata. Da aka kai shi makwancinsa na cire 'yan kunnena, na ɗaura baƙin zane, na shiga takaba. Abin da na sa a raina shi ne in yi wata huɗu da kwana goman nan a ɗakinsa, in yi wanka in fito. Shi ne abu na ƙarshe da zan iya yi masa.

Ba a kai ga sadakar arba'in ba aka wayi gari da jan fenti a bangon gidajen layin da ke bayanmu. Duk wanda ya zauna a Abuja ya san ma'anarsa: rusau na tafe. Babban ɗana, wanda ba na kiran sunansa, ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata.

"Mama, idan katafila ta zo, ko bulo ɗaya ba za mu tsira da shi ba. Ƙannena fa? Gara mu sayar wa mai ƙarfin da zai iya tsayawa a kan filin."

Na ce, "Ka bari in fita takaba."

"Masu jan fenti ba su san takaba ba, Mama."

Ya je wurin limamin unguwa, aka ce masa idan larura ta kama, ya halatta in koma gidan ɗan nawa a Tungan Maje in ƙarasa a can. Na san liman bai yi ƙarya ba. Na kuma san yaron nan ba mugu ba ne, idonsa ya yi zuru-zuru don rashin barci. Amma duk sanda na yi tunanin naɗe tabarmata sai in ji kamar zan bar Malam, maigidana, shi kaɗai a ɗakin. Na ce su sa gidan a kasuwa, ni dai ina nan.

Aka kawo dillali, wanda suke ce wa ejan. Wani gajeren mutum ne mai waya biyu, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya zagaya gidan yana toshe hanci.

"Mama, sannu da haƙuri. Amma wannan gida tana warin kifi. Oga mai kuɗi ba zai shigo nan ba."

Gaskiyarsa ne, gidan na warin kifi. Shekara da shekaru hayaƙin banda na shiga bango, har tufafinmu. Ni ban taɓa jin sa a matsayin wari ba, ƙamshin maigidana ne idan ya dawo da yamma.

Suka fasa murhun banda da ke tsakar gida. Aka sayar da awakina, kajin aka kai wa maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu, wata 'yar Filato da muka daɗe tare, tun 'ya'yanmu na rarrafe. Masu fenti suka zo suka shafe ko'ina fari fat, har wurin da Malam ke jingina kansa idan yana jin rediyo, inda man gashinsa ya yi wa bango tabo. Ina jin su suna waƙa suna aiki. Da suka iso ɗakina na ce a'a. Ejan ya ce to ko ƙusar da hular Malam ke rataye a cire. Na ce hannun da ya taɓa ta sai ya fara taɓa ni. Suka bar mini.

Sai masu dubawa suka fara zuwa. Na farko wani ma'aikacin gwamnati ne da matarsa, 'yan arewa, suna magana rabi Hausa rabi Turanci. Ba wanda ya gaya musu akwai mai takaba. Ejan ya ɗaga labulena ba sallama, mutumin ya shigo da takalminsa har kan tabarmar sallata, yana duba silin. Na ja mayafi na rufe fuska, na juya wa bango. Matar ce ta lura da baƙin zanen. Ta ce, "Innalillahi. Baba, ki yafe mana. Allah ya jiƙansa." Ta ja hannun mijinta suka fita, ba su dawo ba.

Haka aka yi da na biyu, haka da na uku. Wani ma ya ajiye mini sadaka a bakin ƙofa, kamar gaisuwar mutuwa ya zo. Ejan ya fusata. Ina ji yana ce wa ɗana a tsakar gida, "Mutane suna ganin tsohuwa da baƙin kaya, suna tuna mutuwa. Wa zai sayi gida yana tuna mutuwa? Ka kai shi wani wuri mana!"

Ɗana ya sallame shi. Da yamma ya zo ya zauna nesa da ni, ya ce jan fentin ya iso gidan da ke kallon namu. Bai roƙe ni komai ba, ya dai sunkuyar da kai yana murza yatsun hannunsa, yadda ubansa ke yi idan kifi ya lalace. Ni da kaina na kawo shawarar. Na ce idan masu dubawa za su zo, zan shiga sito in ɓuya har su tafi. Sito ai cikin gida yake, ban fita ba.

Siton ƙaramin ɗaki ne marar taga, inda Malam ke tara kwandunan kifi. Da na ji ƙarar mota sai in ɗauki carbina in shige, ɗiyata ta ja ƙofa. Ina zaune a kan kwando cikin duhu, gumi na zuba, ina jin baƙi a ɗakina. Ina jin suna buɗe taga, suna ƙwanƙwasa bango. Wata ta ce ɗakin zai yi daidai da wurin ajiye janareta. Na cusa bakin mayafi a bakina don kada su ji ni.

Ran nan wata mata mai son ganin komai ta ja ƙofar siton. Ta gan ni tsugune cikin baƙaƙen kaya, ta kurma ihu, ta yar da jakarta ta yi waje da gudu tana kiran Yesu. Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta katanga, da ta ji abin da ya faru ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Maman yara, yanzu kuma fatalwa kika zama? Da kin faɗa mini ai da na zo mun tsorata su tare." Ni ma na yi dariya. Sai ta ga dariyar tawa ta juye, ta zagayo ta shigo ta riƙe ni. Ta ce, "Tashi daga wurin nan. Matar gida ba ta zama a sito." Ban sake shiga ba.

Wanda ya saya daga ƙarshe ko cikin gidan bai shiga ba. Wani Alhaji ne mai gina benaye. Ya tsaya a waje, yaransa suka ja igiyar awo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ashe duk fentin nan da fasa murhun nan a banza aka yi, ƙasar yake so. Sharaɗinsa ɗaya: zai fara aiki nan take, don yana so katangarsa ta tashi kafin masu rusau su iso. A lokacin saura mini kusan wata guda.

Na ce a kira mini shi. Mai takaba ba ta cika magana da baƙon namiji ba, amma na durƙusa a bayan labule, ni da na haifi sa'ansa. Na ce, "Alhaji, don girman Allah. Ba na neman ragi, ba na neman ƙari. Ɗakin nan kaɗai ka bar mini in fita takabar mijina."

Ya ce, "Hajiya, ma'aikata na riga na ɗauko, ba zan iya tsayar da su ba." Sai na ji ya juya yana ce wa shugaban leburorinsa, "Ku fara ta baya. Wannan ɗakin kada a taɓa shi sai ta fita."

Haka aka yi. Suka cire kwanon sauran ɗakunan, suka bi bango da guduma. Kowane bugu sai ƙasa ta zubo mini daga silin, in share, ta sake zubowa. Ɗakin 'ya'yana maza ya tafi, kicin ya tafi, siton ma. Aka yanke wuta. Idan aka yi ruwa, ta gefen da aka fasa yake shigowa, ni da ɗiyata mu yi ta tara robobi. Ɗana ya roƙe ni har da hawaye in taho, na ce saura kaɗan. Leburorin da farko suna ihu suna zage-zage, daga baya idan sun zo kusa da ƙofata sai su sassauta murya. Akwai wanda kullum da safe zai ce, "Mama, ina kwana, ya haƙuri?" kafin ya ɗaga gudumarsa.

Ranar da kwanakina suka cika, babu banɗaki a gidan, an rushe shi tun makon da ya wuce. Maman 'Yan Biyu ta dafa ruwa a gidanta ta kawo a bokiti. Ita da ɗiyata da matar ɗana suka tsaya a kan tarin bulo, suka ɗaga zannuwa suka kewaye ni. Shugaban leburori ya kwashe mutanensa suka koma bakin titi, suka ba mu baya. A nan na yi wankan fita takaba, a filin da ba namu ba, ina kuka ina yi wa Malam addu'a. Na sa sabon zane, aka sa mini kwalli.

Ɗana ya kawo a-kori-kura muka loda gado da tabarma da tukwane. Na shiga gaba na zauna. Ba mu kai kwanar layin ba na ji gudumar farko a bangon ɗakin. Direba ya dube ni ya rage gudu. Na ce masa ya ci gaba.